Darasi: Yadda Za Ka Zaɓi Robar Hannun Keke Da Gyare-gyaren Da Za Ka Iya Yi Da Kanka

Mun saba kawo muku bayani kan wayoyi, caja da manhajoji. Yau kuma za mu duba wata na'ura da ba ta cin caji kuma ba ta neman data, wadda matasa da yawa suka koma mata a 'yan shekarun nan, wato keke.

Dalilin komawar sananne ne. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Mutanen Birnin Gwari kuwa tun kafin nan suka ga ranar keke. A ƙarshen watan Satumba 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawa babur na tsawon wata uku, aka kuma katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi har da Birnin Gwari, saboda matsalar 'yan bindiga. A wannan lokacin, mai keke shi ne mai abin hawa.

Da hanyoyin wannan yanki za mu yi misali a darasin, domin keken da ya jure su zai jure ko'ina. Birnin Gwari na yammacin Jihar Kaduna, a nan ne gandun dajin Kamuku yake, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,120. Da zarar ka sauka daga kwalta ka nufi gona ko ƙauye, sai jar ƙasa da gargada da yashi, da damina kuma taɓo da rafuka. Tun bayan sulhun da ya kai ga sake buɗe kasuwar dabbobi ta garin a watan Nuwamba 2024 zirga-zirga ta ƙaru, amma har gobe babu mai son magariba ta riske shi a bakin daji yana tura keke saboda sarƙa ta tsinke. Shi ya sa ƙa'idar darasin nan guda ɗaya ce: a gida ake gyaran keke, kafin a hau hanya.

Me ya sa muka fara da robar hannu?

Wuri uku jikinka ke taɓa keke: sirdi, feda da kan keke. A cikinsu, hannu ne ke juya keken, shi ne kuma ke matsa birki. Robar da ke kan ƙarfen, wadda wasu ke kira mariƙi, tana cikin kayan keke mafi araha, shi ya sa ake raina ta. Ka ɗauka ka ɗauro buhun taki a kariya, an yi yayyafi, kana gangarowa kwari, ka ja kan keken don kauce wa rami, sai robar ta zare ta biyo hannunka. Daga nan sai ƙasa.

Akwai kuma lahanin da ke zuwa a hankali. Manyan jijiyoyi biyu ne ke ratsa wuyan hannu zuwa yatsu. Ɗaya tana bi ta gefen ƙaramin yatsa, ita ke kula da shi da rabin yatsan da ke kusa da shi. Ɗayar tana bi ta tsakiya, tana kula da babban yatsa, manuniya da yatsan tsakiya. Idan nauyinka ya daɗe a kan tafin hannu, ga jijjigar gargada, sai jijiyar ta matsu, ka ji yatsu sun sage ko suna minjirya. Yatsan da ya sage ba ya matsa birki da ƙarfi. Idan ƙananan yatsu biyu ne ke sagewa, gefen tafin hannunka ne ke shan matsi. Idan babban yatsa da na kusa da shi ne, yawanci wuyan hannun ne ya lanƙwashe da yawa. Idan sagewar ta ƙi tafiya bayan kwanaki da sauka daga keken, ka je asibiti.

Mataki na farko: auna kafin ka saya

1. Kaurin ƙarfen. Wurin riƙo a kusan duk kekunan da muke hawa, daga irin su Phoenix, Raleigh da Hero har zuwa kekunan Kwatano masu giya, kaurinsa milimita 22.2 ne. Ba sai kana da na'urar awo ba. Ka zagaya zare a kan ƙarfen sau ɗaya, ka miƙe shi a kan rula. Idan ya ba ka santimita 7, milimita 22.2 ke nan. Keken tsere mai lanƙwasasshen kai ne ya bambanta, nasa 23.8 ne, kuma tef ake naɗa masa.

2. Tsawo. Yawancin robobin kekuna masu giya tsawonsu wajen milimita 130 ne. Idan kekenka mai giyar murɗawa ne, gefen da giyar take yana buƙatar gajeriya, wajen milimita 90. Tsofaffin kekuna masu birkin ƙarfe kuma sau da yawa miƙaƙƙen wurin riƙonsu gajere ne, don haka ka auna daga bakin ƙarfen zuwa inda ya fara lanƙwasa.

3. Kaurin robar daga waje. Yawanci yana tsakanin milimita 29 zuwa 34, kuma girman hannunka ne zai zaɓa maka. Ka damƙe robar kamar kana tuƙi. Idan kan yatsanka na tsakiya ya ɗan taɓa tudun da ke gindin babban yatsa, ta yi daidai. Idan yatsun suna nutsewa cikin tafin hannu, ta yi siriri, za ka riƙa matsewa fiye da kima har hannu ya gaji. Idan kuma da tazara mai yawa, ta yi kauri, kai wa birki zai yi maka wuya.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne sayen robar babur a saka wa keke. Ta hagu za ta shiga, domin kan yawancin babura ma milimita 22 ne. Ta dama kuwa raminta ya fi faɗi saboda a kan totur take zama, don haka a keke sai ta riƙa juyawa.

Mataki na biyu: wace iri?

Roba zalla. Ita ce aka fi samu a wurin masu kayan keke. Tana jure rana da aiki, tana kuma riƙe hannu idan tana da zane. Matsalar ita ce wasu masu arahar leda ce mai tauri aka yi wa fasalin roba. Ka danna da farce: ta ƙwarai za ta ɗan lotsa ta dawo, ta bogi kuwa ƙyam za ka ji ta, ga sheƙi, kuma da gumi ya taɓa ta sai santsi.

Soso. Ba shi da nauyi, yana da laushi, yana shanye jijjiga. Amma yana tsotse ruwa da gumi, yana kuma yagewa da wuri idan ana jingina keke a bango ko a jikin itace. Ya fi dacewa da mai zirga-zirga cikin gari.

Silikon. A ido kamar soso ne, amma ya fi shi nauyi da ƙarko. Yana rage jijjiga sosai, zafin rana bai cika lalata shi ba, ana kuma wanke shi. Rauninsa shi ne yana tsagewa idan keke ya faɗi a kan tsakuwa.

Mai faffaɗan gindi. Wannan tana da wani tudu kamar fiffike da tafin hannu ke kwanciya a kai. Kamfanin Ergon na Jamus ya yi suna a kanta, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yin irinta. Tana baza nauyi a kan tafin hannu, don haka ta dace da mai doguwar tafiya da yatsunsa ke sagewa. Sai dai a hanya mai ramuka da yawa, inda kake yawan tashi tsaye kana jan keke, zagayayyar roba ta fi ta daɗin sarrafawa.

Ta fuskar ɗaurawa kuma iri biyu ne. Akwai wadda ake turawa kawai ta kama ƙarfen da kanta. Akwai kuma mai zoben ƙarfe da ƙaramin noti, wadda a tallar intanet za ka ga an rubuta mata lock-on. Mai zoben ba ta zarewa ko da ruwa ya shiga, kuma cire ta minti ɗaya ne. Amma tana da bututu mai tauri a ciki, don haka sai a miƙaƙƙen ƙarfe take shiga, robar da ke kanta kuma ba ta kai ta turawa kauri ba.

To wacce za ka ɗauka? Idan kekenka mai giya ne kuma kana bin hanyoyin ƙauye irin na Kuyello, Randagi, Dogon Dawa ko Kakangi rani da damina, ka nemi mai zobe, ta roba mai laushi da zane. Idan tsohon keke ne mai birkin ƙarfe, ka tsaya kan ta turawa mai kyau, ka kuma tabbata kaurinta bai hana hannun birki tasowa har ƙarshe ba. Launi shi ne abu na ƙarshe da za ka duba.

Idan ta intanet za ka saya, a Jumia, Jiji ko AliExpress, kada hoto ya ruɗe ka. Ka duba an rubuta 22.2mm, ka duba tsawon, ka tabbata guda biyu ne a kunshin, ka kuma ga ko akwai murafun bakin ƙarfe.

Yadda ake cirewa da sakawa

1. Kafin ka taɓa komai, ka ɗauki hoton kan keken da wayarka, don ka tuna inda birki, giya da ƙararrawa suke.

2. Idan tsohuwar ta gama aiki, ka tsaga ta da reza a tsaye ka ɓare. Idan kana son ta, ka cusa siririn sukundireba a ƙarƙashinta, ka ɗiga ruwa ko sifirit, ka murɗa tana fitowa.

3. Ka goge ƙarfen tas. Idan da tsatsa, ka bi da sanfefa mai laushi.

4. Ka jiƙa cikin sabuwar da sifirit ko sanitaiza mai ruwa-ruwa, ka tura da sauri har ƙarshe. Sifirit yana sa santsi na ɗan lokaci sannan ya bushe. Idan babu, ruwa zalla zai yi, amma ka bar keken ya kwana. Kada ka kuskura ka sa mai, giris, basilin ko sabulu. Mai ba ya bushewa, sabulu kuma yana dawo da santsinsa ranar da ruwa ya shiga.

5. Mai zobe ba ta son komai, a bushe ake saka ta. Ka ɗaure notin da alanki, yawanci mai lamba 2.5 ko 3, a hankali, domin ƙaramin noti ne mai saurin lalacewa.

6. Idan mai faffaɗan gindi ce, ka hau keken ka juya fiffiken har wuyan hannunka ya miƙe sambal da damtsenka, sannan ka ɗaure.

7. Ka toshe bakin ƙarfen. Buɗaɗɗen bakin kan keke yana iya huda ciki ko cinya idan aka faɗi a kansa. Idan murfin ya ɓace, ka fere ɗan itace ka cusa kafin ka sami wani.

8. Ka murɗa robar da dukkan ƙarfinka. Idan ta motsa, ba a gama ba.

Idan ka canza roba amma hannu bai daina ciwo ba, ka duba sirdi. Sirdin da hancinsa ya sunkuya ƙasa yana zubo nauyinka kan hannuwa, don haka ka daidaita shi ya kwanta sosai. Tsayinsa kuma, idan ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe. Hannun birki na waya ya ɗan kalli ƙasa yadda yatsu za su kai gare shi ba tare da ka karya wuyan hannu ba. A kan gargada, ka sassauta riƙo, ka ɗan lanƙwasa gwiwar hannu.

Waya da fitila a kan keke

Masu son ɗaura mariƙin waya su sani tsakiyar kan keke ya fi wurin riƙo kauri. Yawanci milimita 25.4 ne ko 31.8, wato santimita 8 ko 10 a awon zare. Ka auna kafin ka saya, ka kuma zaɓi mai kama wayar ta kusurwa huɗu, mai roba a ciki.

Sannan ka kula da kyamara. A watan Satumba 2021 kamfanin Apple ya yi gargaɗin cewa jijjiga mai ƙarfi irin ta injin manyan babura tana iya lalata sassan kyamarar iPhone da ke daidaita hoto. Keke ba shi da inji, amma kyamarori da yawa na zamani suna da ƙananan sassa masu motsi a ciki, kuma awa guda a kan gargada ba ƙaramin girgiza ba ne. A hanya marar kyau, aljihu ko jaka ya fi wa wayarka. Fitila mai cajin USB kuwa tana da amfani, fara a gaba, ja a baya. Ka ɗaura ta inda ba za ta tokare wayar birki ba.

Taya da tiyub

Ka fara da karanta rubutun da ke gefen tayarka, ka ɗauki hotonsa. Manyan kekuna irin na da suna ɗauke da 28 x 1½, da wata lamba 635. Yawancin kekunan Kwatano masu faɗin taya 26 ne, lambarsu 559. Akwai kuma masu 700C, lambarsu 622, waɗanda su ma wani lokaci ake rubuta musu 28. Nan ake yin asara: taya mai 622 ba ta hawa wili mai 635 duk da cewa duka ana ce musu 28. Wannan lamba mai uku ita ce abin dogaro.

A gefen tayar kuma an rubuta iyakar iskar da take ɗauka. Idan mai faci zai ba ka iska da injin, ka ce ya bi a hankali, domin tayar keke tana cika cikin daƙiƙu kaɗan. Kowace safiya ka danna taya da babban yatsa. Idan ta lotsa da sauƙi, ka ƙara iska, musamman ranar da za ka ɗauki kaya.

Idan taya ta yi faci, wurin hujin zai gaya maka dalili:

Huji ɗaya ta bayan tiyub, ƙaya ce ko ƙusa. Ka shafa cikin tayar da tsumma a hankali har ka gano ta. Farar ƙaya da sarƙaƙiya suna karyewa su bar tsininsu a ciki, idan ba ka cire ba sabon facin ma ba zai kai ka gida ba.

Huji biyu a jere kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan, wili ya matse tiyub a kan dutse ko bakin rami.

Huji ta cikin tiyub, kan sifok ne ke soka. Ka duba ɗamarar da ke cikin wili. Idan ta lalace, ka yanka tsohon tiyub ka yi wata.

Babu huji amma iska na sauka, ka shafa yawu a bakin bawul. Idan ya yi kumfa, bawul ne. A tsofaffin kekuna wata 'yar siririyar roba ce a jikin bawul ɗin ke tsagewa, kuma canza ta minti biyu ne.

Wajen yin facin, ka kankare wurin da sanfefa, ka shafa sholisho siriri, ka jira kamar minti biyar ya bushe har ya daina sheƙi, sannan ka manna ka danne sosai. Yawancin facin da ke ɗagowa gaggawa ce ta jawo, an manna sholisho yana ɗanye. Idan tayar kanta ta tsage a hanya, ka ninka guntun buhun taki ka shimfiɗa ta ciki tsakanin taya da tiyub. Zai kai ka gida.

Sarƙa

Ƙurar hunturu da taɓon damina su ne abokan gabar sarƙa. Idan ƙura ta haɗu da mai, sai ta zama kamar sanfefa tana cin ƙarfen. Shi ya sa labta wa sarƙa baƙin mai, kamar yadda aka saba, ɓarna yake yi: yana ɗauke da dattin inji, yana kuma kama ƙura. Man gyaɗa da manja su ma suna daskarewa su yi danƙo.

Ka wanke sarƙar da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka goge, ka bar ta ta bushe. Ka ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa kana juya feda baya. Man sarƙa na musamman ya fi, idan babu sabon man inji zai yi. Man keken ɗinki ma yana yi, sai dai ruwa na saurin wanke shi. Bayan 'yan mintuna ka goge bayan sarƙar da tsumma sosai, domin a cikin gaɓoɓi ake buƙatar man. Da rani ka rage mai ka yawaita gogewa. Da damina ka sake sawa duk ranar da ka ratsa ruwa.

Sarƙa tana ƙara tsawo idan ta ci. Ka ɗora rula mai inci 12, sifili a tsakiyar wata ƙusar sarƙa. A sabuwar sarƙa, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. Idan ƙusar ta wuce alamar da milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. Idan ta wuce da milimita 3, ta riga ta cinye haƙoran baya, sai ka canza su tare. A keke marar giya, sarƙa ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya a tsakiya. Idan ta fi haka saki, ka kwance notin wilin baya da sifana 15, ka ja wilin baya kaɗan, ka tabbata ya zauna a tsakiya, ka ɗaure.

Birki

Ka matsa kowane birki ka tura keken. Idan hannun birkin ya taɓa robar hannu kafin taya ta tsaya, yana buƙatar ɗauri. Robar birki tana da tsagi-tsagi, idan sun shafe ta ƙare. Ta riƙa sauka a kan wili sosai, kada ta taɓa taya, domin za ta yanka gefenta. Idan irin wadda ake zurawa cikin gidan ƙarfe ce, toshasshen gefen gidan ya kasance ta inda wili ke tura robar, in ba haka ba ranar da ka taka birki da ƙarfi za ta fice. Wayar birkin da ta fara warwarewa ko da sili ɗaya ne, ka canza ta. Mai kuma kada ya kusanci wili.

Wilin ƙarfe mai sheƙi ba ya kama birki idan ya jiƙe. Bayan ka tsallake rafi, ka ɗan matsa birki kana tafiya na 'yan mitoci don ya bushe. Birkin gaba ya fi ƙarfin tsayarwa, amma a kan yashi ko tsakuwa ka bi shi a hankali, kuma kada ka damƙe shi a cikin kwana.

Noti, boris da sifok

Gargada tana kwance noti. Ka matse wilin gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa kan keken. Idan ya juya wili bai bi ba, ka ɗaure notin wuya. Idan ka ɗaga wuyan, kada ka wuce layin da aka zana a jikinsa. Ka riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya: idan ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin wuya ya saki. Ka girgiza kowane wili gefe da gefe, shi ma bai kamata ya yi wasa ba.

Ka matsa sifok biyu-biyu da yatsu. Wanda ya saki ko ya karye, a gyara shi da wuri, domin nauyinsa kan maƙwabtansa yake komawa, su ma su bi shi, musamman a wilin baya na keken da ke dakon masara. A tsofaffin kekuna, idan hannun feda yana wasa, ƙusar da ke riƙe shi ce ta saki. Ka buga ta da guduma ta zauna sannan ka ɗaure notin, idan ka ja ta da noti kaɗai zaren zai lalace. Fedar hagu kuma zarenta a juye yake: ta hagu ake ɗaure ta, ta dama ake kwancewa.

Miƙar da wilin da ya karkace sosai, canza boris da walda a jikin firam, waɗannan aikin mai gyara ne. Firam ko cokalin gaba da ya tsage kuwa, kada ka sake hawa sai an duba.

Jadawalin da za ka sa a waya

Ka buɗe kalandar wayarka ka sa tunatarwa:

Kullum kafin fita, minti biyu: iska, birki biyu, murɗa robar hannu, sannan ka ɗaga keken kaɗan ka sake shi ka saurari abin da ke ƙara.

Duk mako: goge sarƙa da sa mai, duba taya ko akwai ƙaya, matsa sifok.

Duk wata: bin noti ɗaya bayan ɗaya, duba robar birki da wayarsa, auna sarƙa.

Sau biyu a shekara, kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta: ka kai wa mai gyara ya buɗe boris ya sa sabon giris.

A 'yar jakar da za ka ɗaure a ƙarƙashin sirdi kuma, a samu famfo, tiyub guda, faci da sholisho, sanfefa, robar bawul, sifana 10 da 15, alanki 4, 5 da 6, filaya, da ƙarafan cire taya biyu ko gindin tsofaffin cokula. Ka gwada cire wili da yin faci a tsakar gida sau biyu ko uku, har hannunka ya saba. Ba ko'ina ake samun sabis a hanyoyin daji ba, balle ka ce za ka kalli bidiyon gyara a YouTube a lokacin da abin ya faru. Ka faɗa wa mutanen gida hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka, ka tambayi waɗanda suka fito daga can halin da hanya take ciki, ka kuma lissafa tafiyarka yadda ko taya ta yi faci za ka iso da sauran rana.

Kammalawa

Aikin da muke ba ka yau kaɗan ne. Ka fita wurin kekenka da zare da rula, ka auna kan keken, ka murɗa robar hannu ka ga ko tana juyawa, ka ɗauki hoton lambar taya ka ajiye a waya. Idan robar ta motsa ko ta yi santsi, ita za ka fara canzawa kafin kowane kayan ado. Allah ya tsare hanya, ya ƙara mana zaman lafiya a Birnin Gwari da ƙasa baki ɗaya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.